Adakar Kaka: Inda Aka Ajiye Tarihin Matan Hausa

Malamin da ya tattara littafin Tarihin Kano yana da wata ɗabi'a da mai karatun gaggawa kan tsallake. Da ya ambaci sarki da sunan ubansa, kafin ya shiga labarin yaƙe-yaƙe da ginin ganuwa, sai ya dakata ya faɗi sunan matar da ta haife shi. Bagauda, na farko a jerin, uwarsa Kaunasu. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, uwarsa Fatsima ce, mutuniyar Rano. Da aka zo kan jikansa Muhammadu Kisoki, littafin ya nuna mata biyu masu faɗa a ji a fada, mahaifiyarsa Lamis da kakarsa Madaki Auwa. Haka sunayen suka biyo juna, sarki da uwarsa, sarki da uwarsa, aka riƙe su a ka da kuma a takarda tun kafin H. R. Palmer ya juya littafin zuwa Turanci ya buga shi a 1908. A Daura ma jerin masu mulki da mata ya fara, daga Kufuru har zuwa Daurama, kuma a ƙasar Zazzau har gobe in an ga tsohuwar ganuwa a daji akan ce ta Sarauniya Amina ce.

Wannan a gidajen sarauta ke nan. A yau a tare saurayi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, a ce ya jero asalinsa. Zai faɗi ubansa da kakansa da baban kakansa, in gidan malamai ne ya kai bakwai bai numfasa ba. Sai a juya tambayar: matar da ta haifi kakarka ta wajen uwa, yaya sunanta? 'Yar wane gari ce? Nan ne baki kan yi nauyi. Wataƙila ya tuna ana cewa Hajiya Babba, ko Iya ta Fagge, ko Gwaggon Kura. Sunan yanka kuwa, sai an je an tambayo.

Shirun nan ba wai an yar da matan ba ne. Bahaushe ya ajiye tarihin iyayensa mata, sai dai ba cikin salsalar da maroƙa ke jerowa ba. Ya ajiye shi a sunayen jikoki, a jeren ɗaki, a ƙasan adaka, da kuma a bakin tsofaffi. Mai son sanin kakanninsa mata sai ya koyi karatun waɗannan wurare.

Sunan da ba a faɗa

Kunya ce ta fara rufe sunan. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗan farinta, ba ta kiran na uwar mijinta. Yaro ya tashi yana jin ana ce wa mahaifiyarsa Inna ko Umma ko uwar wane, kuma a dandali ba abin da ke tada dambe da wuri kamar wani ya ambaci sunan uwar wani. Akwai kuma tsoro, domin an san masu neman cutar da mutum ta hanyar asiri sunan mahaifiyarsa suke nema, sai aka mai da shi abin killacewa. Girmamawa ce ta kawo ɓoyon. Amma in aka yi zuriya uku ba wanda ya furta suna, ɓoyo ya koma mantuwa.

Sai dai al'adar da ta rufe sunan ita ce ta buɗe masa wata ƙofa ta baya. In an haifi 'ya mace, uba kan mayar da sunan mahaifiyarsa ko na surukarsa. Tunda ba mai iya kiran sunan gatsau a gidan, sai a laƙaba wa jaririyar Ummi ko Mama ko Uwani ko Hajiya. Duk gidan da aka ji ana kiran ƙaramar yarinya Ummi, a duba takardar makarantarta. Sunan da ke rubuce, Hauwa'u ne ko Rukayya ko Sa'adatu, na wata tsohuwa ne da ke ɗaki tana jan carbi, ko wadda ta riga mu gidan gaskiya. In aka ga takwarori sun yi yawa a dangi ɗaya, 'yar wa da 'yar ƙane da 'yar ƙanwa duk Amina, to akwai wata Amina ta farko da ya kamata a nemo.

Sunayen gargajiya ma suna ɗauke da labarin haihuwa. Ladi, Tani, Talatu, Laraba, Lami, Jummai da Asabe sun faɗi ranar da mai sunan ta zo duniya. Azumi ta zo cikin watan Ramalana, Marka ta zo damina ta yi tsakiya. Kande ko Delu ta biyo bayan yayye maza, Gambo ta biyo tagwaye, Auta ta rufe ƙofa. Wadda aka kira Ajuji kuwa, sunanta ya tona baƙin cikin uwarta: 'ya'yan da suka gabace ta ba su rayu ba, sai aka yi kamar an yar da ita a juji don ko mutuwa ta raina ta. Wanda ya samu suna ɗaya irin wannan ya samu labarin mata biyu lokaci guda.

Fuska ma tana magana. Askar da wanzami ya yi wa jaririya ita ke bambance Gobirawa da Kabawa, Zamfarawa da Barebari. Dattijon da ya manta garin kakarsa sau da yawa bai manta tsagar da ke kumatunta ba, kuma tsohon wanzami na iya faɗin inda ake irin wannan zane.

Ɗakin da ke ba da labari

Namiji kan bar gida da gona da littattafai. Mace kan bar ɗaki. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, sadakinta nata ne, kayan da iyayenta suka kai ta da su nata ne, miji ba shi da iko a kansu. Shi ya sa jere ya zama asusunta. In rana ta ɓaci ta sauke tasa ɗaya ta sayar, in ciniki ya yi kyau ta ƙara biyu, in 'yarta ta isa aure ta ɗebi na ɗiba ta kai mata.

Jeren kansa yana da zamani-zamani kamar sarauta. Da farko zamanin ƙwarya ne: ƙore masu zane an ɗora su kan juna, ga faya-fayai masu launi, ga baƙin akushi, tufafi kuma a cikin adudu. Lefe ma, da yau ya koma akwatuna jeri-jeri, asalinsa sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya. Masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla, ƙirar Bida ko ta maƙeran fari na Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka fara shiga hannun manoma, kantunan Turawa da na 'yan Labanan suka cika da kwanuka masu fenti daga ƙetare, aka shiga zamanin langa da kwalla da fanteka da samira. Wajen lokacin samun 'yancin kai masu masana'antu daga Hong Kong suka buɗe kamfanonin kwano a Najeriya, har da Kano. Kwano ya yi araha, jere ya haura har rufin ɗaki ya kewaye gadon ƙarfe mai rumfa. Bayansa tangaran ya zo da kabet ɗinsa mai gilashi, sannan kuloli da kujeru. Wanda bai tarar da jeren da ba, ya leƙa Gidan Makama a Kano, akwai ɗakin amarya da aka shirya irin na wancan lokaci.

Saboda haka tsohuwar da ta rasu ta bar ƙwarya ɗaya mai ɗinki, da tasa biyu, da samira saiti guda, ta bar tarihin mata uku ko huɗu a jere. Ƙwaryar ta uwarta ce ko ta kakarta. Tasoshin na aurenta ne. Samirar da ribar ƙosai ko ƙuli-ƙuli ta saya. A kifa kwanon a dubi gindinsa, sau da yawa za a ga ɗigon fenti ko wani zane da aka karce da ƙusa, shaidar da ta yi don kayanta su dawo in an ara ranar biki. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, sa hannunta ke nan.

Masu bincike sun lura da nauyin waɗannan kaya. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin tallar yara a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallar yarinya ke tafiya wajen tara mata kayan ɗaki. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna yadda kayan aure da kyaututtukan biki ke bayyana darajar mace da yawan jama'arta. Abin da suka rubuta da Turanci kowace tsohuwa ta san shi a aikace. Tana iya bin jerenta kwano-kwano ta faɗi wadda ta kawo gudummawa, a wane biki, da kuma ko an rama.

A ƙasan adaka kuwa ake samun abin da ba a jerawa. Ga zanen saƙi mai shuɗi da fari, wanda wataƙila ita ta gurje audugarsa, ta yi shiɓa, ta kaɗa zaren da mazari kafin masaƙi ya karɓa. Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin birnin ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Zaren da aka saƙa su kuwa daga cikin gidaje ya fito, daga hannun matan da ba wanda ya rubuta sunansu. Ga barage mai jan alharini, ga baƙin zane ɗan Kura da ƙyallinsa bai gama tafiya ba. Ga murjani da tsakiya ƙulle a tsumma, da munduwar azurfa, da tandun kwalli, da sule da kwabo mai huda, kuɗin da naira ta kora a 1973. In ta sauke farali, fasfonta na aikin hajji na nan, kuma a gidaje da yawa ɗan hoton da ke manne a ciki shi kaɗai ne hotonta a duniya.

Gafakar 'yar Shehu

Gidan da ya nuna abin da kan faru in an riƙe kayan mace da amana shi ne gidan Wazirin Sakkwato. An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Degel a 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, mahaifiyarsu Maimuna. Ta tashi a dangin da ake tuna mata da ilimi, domin kakarta Hauwa'u, mahaifiyar Shehu, da Rukayya mahaifiyar Hauwa'un, duk an san su da karatu. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take zaɓar dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ita kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa karatu.

Asma'u ita kanta mai adana tarihin mata ce. Da 'yar'uwarta Faɗima ta rasu ta yi mata marsiyya. Ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Bello. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin matan da ta naɗa jaji. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta riƙe sarauta ba, ba ta bar littafi ba, kirkinta ga dangi da maƙwabta ne abin yabon. A waƙarta mai suna Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta faro daga matan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta biyo ta kan waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, ta sauko har kan malamai mata na jama'ar Shehu. Wato ta yi wa mata salsala tasu ta kansu.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Takardunta ba su watse ba. Zuriyarta suka riƙe su cikin gafaka ta fata, warƙa-warƙa ba ɗinki, wanda ya tsufa a kwafe shi, suka tsallake da su shigowar Turawa a 1903, da gara, da damina sama da ɗari. Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, daga wannan zuriya yake, kuma shi ya buɗe takardun ga Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Arewa. Daga nan littafin tarihin Asma'u ya fito a 1989, sannan a 1997 Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta, waƙoƙi da zube wajen sittin. Iliminta ne ya sa duniya ta san ta, amma ilimin bai iso ba sai da wasu hannaye a gida ɗaya suka yi ta kakkaɓe ƙura daga gafaka, uba ya miƙa wa ɗa. Albarkacin wannan riƙo, har Halima maƙwabciya ta tsira da sunanta.

Tsohuwar Karo

Asma'u 'yar malamai ce mai alƙalami. Akasarin kakanni ba haka suke ba, kuma a nan ne labarin Baba mutuniyar Karo ke da daraja.

A ƙarshen 1949, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, Mary Smith na tare da mijinta M. G. Smith, wanda ke nazarin zaman Hausawa. Shi namiji ne, iyakarsa zaure, ita ke shiga wurin mata. A nan ta haɗu da wata tsohuwa mai kaifin tunani da daɗin hira, wadda kowa ke kira Baba. Suka yi makonni kamar shida suna zama, a Giwa da kuma Zariya a farkon 1950, tsohuwa na faɗa, baƙuwa na rubutawa da Hausa yadda ya fito daga bakinta.

An haifi Baba wajen 1877. Asalin danginta Barebari ne da suka taso daga Barno suka zauna a Karo, kusa da Zarewa, suna noma da bayi a rinji. Ta ga zamanin da mahara ke ɗauke mata da yara, dangi su shiga tara wuri don fansa. Ta ga shigowar Turawa, ta ga bayi na barin rinji. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta karɓi haihuwa, ta haɗa aure, ta sasanta ma'aurata. Ta bayyana yadda ake ƙulla ƙawance, da sa lalle, da wankan jego, da zaman kishiyoyi, da bori. A cikin hirar kuma mata ne birjik, uwarta da gwaggwanninta da kishiyoyinta da ƙawayenta, kowace da halinta da abin da ya same ta.

Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, daga baya aka buga Hausarsa a Kano. Matar da ba ta bar ɗa ko ɗaya na cikinta ba, yau ana karanta rayuwarta a jami'o'in duniya, kuma abin da aikin ya ci bai wuce takarda da alƙalami da haƙurin zama ba. A 1949 kusan kowace unguwa na da tsohuwa irinta. Kaɗan ne suka samu wanda ya shimfiɗa tabarma ya zauna ya rubuta.

Waɗanda aka sauya wa suna

Akwai reshen da bincike ke taɓa gyambo. A ƙarni na 19 an kwaso mata da yawa a yaƙi da hari, daga ƙasar Gwari da kudancin Zazzau da duwatsun Bauchi da Adamawa, aka shigo da su gidaje a matsayin kuyangi da ƙwaraƙwarai. Ana raba mace da garinta da harshenta, a sa mata sabon suna. Shari'a ta ba ɗan ƙwarƙwara 'yanci da gado daidai da ɗan matar aure, shi ya sa sarakuna da attajirai da malamai da dama suka fito daga irin waɗannan ɗakuna. Amma ita uwar, in ma an tuna ta, da ƙyar ake wuce cewa daga kudu aka kawo ta. Turawa sun hana cinikin bayi tun farkon mulkinsu, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan akwai masu rai a yau da kakarsu ko mahaifiyar kakarsu ta rayu cikin wannan hali.

Wasu gidaje kan ja labule in an zo nan. Alhali matar da aka raba da kowa nata, ta goyi zuriyar da yau ke tunƙaho da sunan gida, ta fi kowa cancantar a nemo sunanta a sa ta cikin addu'a. Wani lokaci shaidar da ta rage ita ce wata miya da gidan kaɗai ke yi, ko waƙar reno mai kalmomin da ba Hausa ba, ko tsagar da ba irin ta garin ba.

Takardun hukuma na iya taimakawa fiye da yadda ake zato. Littafin haraji magidanta yake lissafawa, amma littafin alƙali cike yake da mata, domin su ke kai ƙarar aure da gado da riƙon 'ya'ya da neman 'yanci. Allan Christelow ya fassara wani ɓangare na shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga a 1994, kuma a ciki ana ganin mata da sunayensu sun zo gaban sarki neman haƙƙinsu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da hukumomin tarihi da al'adu na Kano da Sakkwato, duk suna riƙe da tsofaffin takardu da mai haƙuri zai iya tona.

Wani zaren kuma ya ƙetare iyaka. Fataken goro da suka zauna a zangon Salaga da Kumasi sun auri matan can. Mahajjatan ƙafa da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 sun kafa garuruwa a Sudan, irin su Mai Wurno. Gida a Kano ko Gwambe na iya samun rabin labarin kakarsa a bakin wata tsohuwa a Sudan ko Gana, su kuma na can rabin nasu yana nan.

Kafin dillaliya ta zo

Wannan taska tana zuba a hankali. Ranar rabon gado ana yi wa kaya kuɗi, dillaliya ta kwashe tasoshi, 'yan gwangwan su ɗora tagulla a sikeli, zanen saƙi ya koma tsumman goge ɗaki. Amaryar zamani ba ta da inda za ta jera kwalla. Gidajen gado na cikin birni ana sayarwa ana rushewa, dangi na watsewa zuwa sababbin unguwanni, jikoki sun daina kwana ɗakin kaka, inda a da ake fara tatsuniya a ƙare da labarin dangi.

Zamanin kuma ya zo da nasa kayan aiki. Wayar da ke aljihun kowa tana ɗaukar murya da hoto. Dangi da yawa na da zaure a WhatsApp da taron zumunci bayan salla, wasu har sun fara buga littafin zuriya. Sai dai in ba a yi hattara ba littafin kan fito da jerin maza zalla, mata kuma a dunƙule su a gefe, a ce wane ya bar 'ya'ya mata uku, ba suna ba gari.

Waɗanda suka gwada aikin sun san ba a tunkarar tsohuwa da tambayar shekara, don ba da 1930 ko 1950 ta ƙirga rayuwarta ba. Ana tambayarta ne, da Sarauniyar Ingila ta zo kina gidan wa? Wannan 1956 ke nan. Da aka kashe Sardauna wa kike goyo? Janairun 1966. Da aka canja kuɗi an aurar da wance? 1973. In ta ce uwarta ta sha ba ta labarin yunwar Kakalaba, an koma 1914. Ba a kuma tambayarta sunan surukarta kai tsaye, don ba za ta faɗa ba. Sai a ce, Iya, wace yarinya ce a gidan nan mai sunanta? Ta nuna da haɓa. An fi samun zance in mace ce ta je, da goro ko turare a hannu, bayan la'asar, a kuma bar tsohuwa ta zaga duk inda take so kafin ta dawo kan tambaya. Jika ya fi ɗa samun labari, domin tsakanin uwa da ɗa akwai kunya, tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Abin da ba za ta taɓa gaya wa ɗan farinta ba, na mijinta na fari da dalilin fitowarta, tana iya gaya wa jikarta tana dariya.

Mabuɗi mafi sauƙi shi ne a roƙe ta ta buɗe adaka. Tsohuwar da ta ce ba ta tuna komai, da hannunta ya taɓa zanen da aka kai uwarta ɗaki da shi, sai sunaye su fara zubowa, da garuruwa, da wa ya auri wa.

Abu ɗaya ya rage bayan hirar, 'yar takarda. A rubuta sunan yanka na mai kayan, da na ubanta, da na uwarta in an samu, da garin da aka ɗauko ta, da wadda ta ba da labarin, da ranar da ta bayar. A naɗe a sa cikin tasar ko tsakanin ninkin zanen, a ɗauki hoto a tura wa dangi. Aikin da malamin Tarihin Kano ya yi wa Kaunasu da Fatsima ke nan, layi ɗaya ga kowace. A gidaje da yawa wadda za a miƙa wa alƙalamin ita ce Ummi 'yar aji huɗu, tunda ta fi kowa sabawa da sunan. Shi take rubutawa kullum a bangon littafinta na makaranta.